Bitar maƙalar ilimi

Bitar maƙalar ilimi ita ce sake duba daftarin rubutu da gyara shi domin ma'anarsa ta fito fili kuma sassansa su haɗu da juna. Ɗalibai da malaman jami'a kan yi ta kafin su miƙa jinga, ko kundin digiri, ko maƙalar da za a buga a mujalla. Ta bambanta da gyaran kurakurai, wanda ke kula da ƙa'idojin rubutu da alamomi kawai, domin bita tana iya taɓa tsarin hujja gaba ɗaya.

Tarihin nazari

A shekarar 1980, Nancy Sommers ta Amurka ta wallafa binciken da ta yi a kan ɗalibai 20 da ƙwararrun marubuta 20. Ta ware ayyuka huɗu da mai bita ke yi: gogewa, musanyawa, ƙarawa da sake jeri. Ta gano cewa ɗaliban sun ɗauki bita a matsayin sauya kalmomi, su kuwa ƙwararrun suna sake duba hujjarsu ne tare da tunanin mai karatu. A 1981, Linda Flower da John Hayes suka bayyana cewa tsarawa da rubutawa da dubawa ba sa bin juna a jere, marubuci yakan koma baya a kowane lokaci.

Haɗuwar sassa

Masana ilimin harshe sun bambanta abubuwa biyu. Na farko shi ne ɗaurin jimloli, wato kalmomin da ke haɗa jimla da wadda ta gabace ta. M. A. K. Halliday da Ruqaiya Hasan, a littafinsu Cohesion in English na 1976, sun kasa shi gida biyar: nuni, musanya, tsallake abin da aka riga aka sani, mahaɗai, da dangantakar kalmomi. Na biyu shi ne daidaiton ma'ana, wato yadda tunani ke bin tunani. Rubutu yana iya cika da "saboda haka" da "bugu da ƙari" amma ya rasa daidaito, idan abin da ya biyo bayan mahaɗin bai fito daga abin da ya gabata ba.

Wata ƙa'ida da ta samo tushe daga nazarin masanan birnin Prague ita ce a fara jimla da abin da mai karatu ya sani, a ƙare da sabon bayani. Joseph Williams ya yaɗa wannan shawara a littafinsa na koyar da salo da ya fito a 1981.

Matakai

Yawancin masu koyar da rubutu suna ba da shawarar a fara da manyan abubuwa, domin ɓata lokaci ne a gyara jimlar da za a goge daga baya. Mai bita yakan fara tabbatar da cewa kammalawa ta amsa tambayar da gabatarwa ta yi. Daga nan sai ya rubuta jigon kowane sakin layi cikin jimla ɗaya a gefen takarda. Sakin layin da ya ƙi taƙaituwa yana ɗauke da jigo fiye da ɗaya, sai a raba shi. Biyun da suka ba da jimla iri ɗaya kuma a haɗe su. Bayan haka ake duba jimloli, sannan kalmomi. Ajiye daftari na kwana ɗaya ko biyu, da karanta shi a bayyane, da ba wa wani ya karanta, duk suna taimakawa wajen gano gurbin da marubuci ya cike a zuciyarsa amma bai rubuta ba.

A rubutun Hausa

Wakilin suna yana yawan kawo ruɗani. A jimlar "Malamin ya gaya wa ɗalibin cewa ya makara", ba a san wanda ya makara ba, sai an maimaita sunan ko an sake gina jimlar. Haka kuma, tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, kalma kamar "fari" tana iya nufin launi, ko ƙarancin ruwan sama, ko farawa, don haka dole mahallinta ya fayyace ta. Barin lanƙwasar haruffa ma yana sauya ma'ana, kamar tsakanin "ƙafa" da "kafa", ko "ɓata" da "bata". Mai bita yakan kuma lura da keɓaɓɓun kalmomi, ya tsaya a kan fassara ɗaya tun daga gabatarwa har kammalawa, kada mai karatu ya zaci abubuwa biyu ake nufi.