Diban Gwamna: Mutanen da Aka Ƙirga Ba a San Sunayensu Ba

Duk wanda ya taso a Jos, ko Bukuru, ko Barikin Ladi, ya zauna kusa da tsofaffi, da wuya a ce bai taɓa jin kalmar "diban gwamna" ba. Wasu na ɗauka diban soja ake nufi. Ya yi kama da shi, domin dole ce, kuma saboda yaƙi aka yi. Sai dai waɗanda aka ɗiba ba bindiga aka miƙa musu ba, diga da shebur da kwano aka ba su.

Asalin abin daga nesa ya taso. A farkon 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, alhali daga can Turawa ke samun mafi yawan kuzarsu. Babu kuza, babu gwangwanin abincin soja, babu dalmar haɗa kayan yaƙi. Sai ido ya dawo kan Filato. Gwamnatin Gwamna Bourdillon ta kafa dokar tilasta wa mazan lardunan Arewa aikin haƙar kuza. Ingila ta riga ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta hana aikin dole, amma yarjejeniyar ta bar ƙofa a buɗe idan ana yaƙi, ta nan aka bi.

Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebo mutum wajen 100,000 daga lardunan Zariya, Bauci, Binuwai, Kano, Katsina, Sakkwato, Barno da Filato kanta. Wa'adin kowane rukuni kamar wata huɗu ne. Aka rarraba su a barikokin kamfanonin Turawa, babbansu shi ne ATMN, wasu kuma aka kai su ginin madatsar ruwa ta Tenti, wadda ta yi ƙaurin suna wajen cin rai. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000.

To, yaya aka zaɓi wanda zai tafi? Razdan ya yanka wa En'e adadi, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya juya kan masu unguwa. Abin da ake nema daga sama shi ne lissafi ya cika. Ko wane ne ya cika shi, wannan ba damuwar kowa ba ce. Mai hali ya san yadda zai fanshi kansa, sai igiyar ta tsinke a wurin da ba ta da ƙwari: talaka, da baƙo, da wanda ba shi da kowa a fada.

Daga nan kuskure ya fara shiga takarda. A zamanin babu takardar haihuwa a karkara, shekarun mutum da ido ake kintata su. Mutane kuma ba su da sunan dangi irin na Bature, sai akawu ya liƙa wa mutum sunan garinsu. Ka ɗauka Audu goma sun zo daga gari ɗaya, dukansu a rajista suna ɗaya ne. Rubutun sunan ma yadda kunnen akawu ya ji ne. Haka aka yi a rajistar sojojin da aka kai Bama, inda Muhammadu yakan koma Momo ko Mama, wanda ba Bahaushe ba kuma yakan shiga da sunan Hausa.

Babban giɓin yana wajen ƙirgar matattu. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko na kwarin Binuwai aka kawo shi sanyin Filato ba bargon kirki, ga ƙarancin abinci, ga cunkoso a bukkoki. Ciwon haƙarƙari da atini da sanƙarau suka yi ta ɗauka. Wanda ya cika a bariki ko a asibiti, shi ne ke shiga lissafi. Dubbai kuwa sun tsere da ƙafa. Wanda ya gudu da ciwo a jikinsa ya faɗi a daji, takarda ta rubuta "ya gudu". Wanda aka sallama ya isa gida ya kwanta bai tashi ba, takarda ta rubuta "ya gama". Kuzar da aka fitar an san nauyinta tan bayan tan. Rayukan da ta ci har yau babu mai iya faɗin adadinsu na gaskiya.

Surutu ya kai har majalisar Ingila, ga shi kuma gudu ya yi yawa, aikin bai biya kuɗin sabulu yadda aka zata ba. A 1944 aka soke diban.

Wannan sakaci ba a kanmu kaɗai aka yi ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu a dutsen tunawa ba, wasu ma ba a tuna da su ko kaɗan. Su ke nan da suka mutu a hidimar yaƙi. Ina ga leburan kuza?

Fayilolin Lardin Filato suna nan a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, masana irin su Bill Freund, wanda ya wallafa littafi kan leburorin kuza a 1981, sun tono su. Amma abin da akawu bai rubuta ba, babu mai samunsa a can. Yana bakin tsofaffinmu, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Saboda haka, duk mai sauran kaka ko dattijo a gida, ya zauna da shi a wannan makon. Ya tambaye shi: wa aka ɗiba a gidanmu? Daga wane gari? Wace bariki aka kai shi? Ya dawo ko bai dawo ba? A rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa, yadda ake kiransa a gida, a ajiye wa yara.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da Filato lafiya.