2.4 Tarihin Koyon Sarrafa Yatsu a Kiɗan Goge da Kukuma

A ƙasar Zamfara, wadda ta haɗa da Dosara da Talata Mafara da Bakura da Maradun, ba a rubuce ake koyon goge ba. Yaro kan fara ne da kaɗa ƙwarya a bayan maigidansa har kunnensa ya saba da amo. Daga nan sai a miƙa masa goge, ya shafa ƙaro a izga, ya riƙa ɗora yatsu bisa tsirkiya ɗaya tilo, yana hawa da sauka a kan muryoyi biyar. Ba a ware wannan horo daban, a cikin taken da maigida ke kaɗawa ake yin sa.

Wannan ya bambanta da gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, inda ɗalibi ke maimaita matakan murya bakwai daga littafi, kamar wanda Carl Flesch ya wallafa a 1926.

Tun bayan jihadin 1804 malamai suka ƙyamaci goge saboda dangantakarsa da bori. Duk da haka, a ƙarni na 20 kukuma, ƙaramar 'yar'uwarsa, ta bunƙasa a hannun irin su Hassan Wayam, haifaffen ƙasar Maradun. Ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 2000 ya ƙara taƙaita wuraren wasa. Abin lura a nan shi ne, tun da ilimin yana ƙirjin makaɗi ne, duk wanda ya rasu bai bar yaro ba, ya tafi da salonsa.