Yadda ake ƙara maɓallan ƙ, ɗ da ɓ a shafin WordPress

Ƙaramin layin maɓallai da ke saman akwatin rubutu na WordPress, wanda manhajar TinyMCE ke tafiyar da shi, ba ya zuwa da haruffan Hausa masu lanƙwasa. Illar ba ƙarama ba ce: idan wakili daga Wurno, Rabah ko Goronyo ya rubuta cewa ɗan takara ya shigar da "kara", ya mayar da ƙarar zaɓe karan dawa.

Gyaran yana cikin fayil ɗin functions.php. Da mce_external_plugins ake haɗa ɗan fayil na JavaScript da zai saka harafin a inda ake rubutu, sannan mce_buttons ya fito da maɓallinsa a layin farko. Da shi kuma ake cire maɓallan da ba su da amfani. Ya fi kyau a yi wannan a cikin child theme, domin sabunta babban theme kan share gyaran.

Tun WordPress 5.0, a Disambar 2018, Gutenberg ne editan asali, saboda haka sai an sanya Classic Editor kafin tsohon akwatin ya dawo.