Yadda kare ya zama jagoran sojan da yaƙi ya raunata, da abin da ya shafi Kurfai

A Filinge, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, idan makaho zai fita yaro ne ke riƙe masa bakin sanda. Ɗan jagora muke ce masa, kuma sau da yawa jagorancin nan shi ke raba shi da makaranta. A Jamus, shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, sai aka ɗora wa kare wannan aiki. Yaƙi ne ya jawo.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar da dubban samarin Jamus gida babu ido, wasu iskar guba ta ƙone, wasu ɓaraguzan bam. Wani Bajamushe mai suna Stalling ya ga babu isassun mutanen da za su riƙe wa kowa hannu, sai ya buɗe makarantar horar da karnukan jagora a garin Oldenburg cikin watan Agustan 1916. A 1923 aka buɗe wata a Potsdam. Can wata Ba'amurkiya mai kiwon karnuka a Suwizalan, Dorothy Eustis, ta je ta gani da idonta, ta rubuta labarin a wata mujallar Amurka a 1927. Aka karanta wa wani saurayi makaho, Morris Frank, ya tsallaka teku ya karɓo karya mai suna Buddy. A 1929 shi da Dorothy Eustis suka kafa makarantar The Seeing Eye, wadda har yau take aiki. Ingila ta bi sahu a 1931.

Kusan shekara sittin ido kawai kare yake ara wa mutum. A 1975 ne Bonnie Bergin ta kafa wata ƙungiya a Kalifoniya mai koya wa kare hidimar wanda ke kan keken guragu: ya ɗauko abin da ya faɗi, ya ja ƙofa, ya kunna fitila.

Ciwon da ba a gani shi ya fi daɗewa bai samu suna ba. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da firgicin bayan tashin hankali cikin kundin cututtukansu. Ga yadda yake: mutum ya dawo da hannu da ƙafa lafiya, amma barci ya gagara, ƙarar salansar babur ta sa ya kwanta ƙasa, ba ya iya zama ya ba ƙofa baya, ya daina shiga kasuwa. Da sojoji suka dawo daga Iraƙi da Afganistan da wannan ciwo, sai ƙungiyoyi irin su K9s For Warriors, wadda aka kafa a Fulorida a 2011, suka fara horar da karnuka dominsa. Aikin karen ƙanana ne, amma a kan gaɓa suke. Idan mugun mafarki ya kama ubangidansa, ya tashe shi. Idan ya ga jikinsa ya fara rawa, ya zungure shi da hanci ko ya ɗora masa nauyinsa a cinya har numfashi ya daidaita. Cikin taro kuwa ya tsaya a bayansa, don kada wani ya zo masa ba zato. Ga kuma abin da ba a koyarwa: kare yana son abinci da yawo kullum, don haka wanda ya kulle kansa a ɗaki dole ya fito. A watan Agustan 2021 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar da ta umarci ma'aikatar tsoffin sojoji ta gwada shirin horar da karnuka na shekara biyar. Wani bincike da aka wallafa a 2024 kan tsoffin sojoji 156 ya nuna waɗanda suka karɓi kare sun samu sauƙi fiye da waɗanda ke jiran layi. Sauƙi ne, ba warkewa ba, kuma kare bai maye gurbin likita ba.

To me ya kawo Kurfai, ƙasar da Filinge ke ciki, cikin wannan zance? Ai ƙasar sojoji ce. Tun farkon zuwan Faransawa Kurfayawa suka yi suna wajen shiga soja, kuma yankin Filinge bai daina ba Nijar masu kaki ba. Seyni Kunce, wanda ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa 1987, a Fandu aka haife shi, kuma ya yi aikin soja a Indocin da Aljeriya ƙarƙashin tutar Faransa. Mazan jiyan da suka dawo ƙauyuka ba su tarar da makarantar Oldenburg ba. Ko fanshonsu ma Faransa ta daskarar da shi da dokar 1959, ba ta gama daidaita shi da na 'ya'yanta ba sai 2011, lokacin da yawancinsu suna kabari. Mata da 'ya'ya da ƙanne su suka yi jinya.

Akwai wani abin da nake yawan tunawa. Wajen 1925, a Shikal ta ƙasar Kurfai, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan wasu baƙin iskoki, Babule, waɗanda duniya ta sani da Hauka. Iskokin nan fareti suke yi, suna sara wa juna, suna ba da umarni da muryar hafsa. Masana tarihi sun fi kallon abin a matsayin bore ga Faransawa da sarkin da suka ɗaure wa gindi, Gado Namailaya, kuma haka ne. Amma ni ina ganin har da alamar jama'ar da barikin soja ya shige mata jiki, take neman hanyar fitar da shi.

Yau ma ga shi a jihar Tilaberi. A Inates, Disamban 2019, sojoji 71 suka kwanta dama. A Shinagodar, ranar 9 ga Janairun 2020, 89. Mun ƙidaya matattu. Waɗanda suka tsira a waɗannan ranaku suna nan cikinmu, kuma idan ɗayansu ya yi ihu da tsakar dare sai mu ce gamo ya yi, ko ya taɓu.

Na san abin da mai karatu zai ce: kare? A cikin ɗaki? Gaskiya ne, a bakinmu sunansa zagi ne. Sai dai mazhabarmu ta Malikiyya ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, kuma an halatta ajiye shi don farauta da kiwo da gadin gona. Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbar da aka horar, Suratul Kahfi ta ambaci karen da ya raka bayin Allah. A 2008 wata majalisar malamai a Ingila ta ba da fatawar da ta yarje wa wani saurayi makaho ya zo da karensa masallaci a garin Lesta, aka ware wa karen wurin jira. Sanin kare ma ba baƙonmu ba ne. Kwarin Dallol Boso da Filinge ke ciki ci gaban kwarin Azawak ne, mahaifar dogon karen nan na Buzaye da Turawa suka kwasa tun shekarun 1970, kuma mafarautanmu sun iya koya wa kare jin kira da bin sawu.

Babbar matsalar ita ce tsada, domin horar da kare guda yakan ci kusan shekara biyu. Ba na cewa gobe a raba wa kowane soja kare. Roƙona ga hukumomin soja da malamai da sarakunan Kurfai shi ne a fara kiran wannan ciwo da sunansa, a kai mai shi asibiti ba tare da kunya ba, sannan a gwada horar da ko da karnuka kaɗan ne, a fara da sojojin da suka rasa ido ko ƙafa, domin ɗan jagora ya koma aji.