Shinkafar Kebbi da Maganar Gwamnati a Zamanin Karayar Arziki

Lokacin da farashin gangar ɗanyen mai ya faɗi daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, Nijeriya ta shiga karayar tattalin arziki, wato yanayin da abin da ƙasa ke samarwa yake raguwa watanni shida a jere, masana'antu suka sallami ma'aikata, jihohi da dama kuma suka kasa biyan albashi. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta ce mafita ita ce komawa gona, kuma a fadamun Gulbin Rima ta fara gwada wannan magana.

A ranar 17 ga Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, zamanin Gwamna Atiku Bagudu. Tsarinsa shi ne Babban Bankin Nijeriya ya ba ƙaramin manomi rancen iri da taki da maganin feshi, shi kuma ya biya da shinkafa bayan girbi ta hannun kamfanin casa. Da farko jama'a sun gaskata, domin sun gani da ido: noman rani ya bunƙasa daga Argungu har Suru, shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas ta shiga kasuwa a Disambar 2016, sannan a Agustan 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu.

Amana ta fara lalacewa ne daga wajen biyan bashi. Manoma da yawa sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, wasu sun koka cewa kayan noma kan iso bayan lokacin shuka ya wuce, aka kuma yi zargin cewa 'yan siyasa sun cusa sunayen waɗanda ko fartanya ba su riƙe ba. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin fadama, ta bar masu niyyar biya ma hannu wofi. A 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka biya, Babban Banki ya ce kashi 52 ne, alhali kuɗin da aka raba a faɗin ƙasa sun haura naira tiriliyan ɗaya.

Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, wanda ya durƙusar da fatauci a garin Kamba na kan iyaka, bai sauko da farashi ba, haka ma dalar shinkafa da aka baje a Abuja a Janairun 2022, domin magidanci da kuɗin mudu yake auna zancen hukuma. Alƙaluman rashin aikin yi sun ƙara dagula lamarin, ganin cewa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda ta ba da kashi 33.3 a ƙarshen 2020, ta sauya ma'auni a 2023 ta ɗauki mai aikin sa'a ɗaya a mako a matsayin mai sana'a, adadin ya koma kashi 4.1. Ma'aunin yana da hujjarsa a wurin masana, amma matashin da ke zaune ba aiki bai ga abin da ya canja ba. A ɓangaren shinkafa kuwa, a Oktoban 2023 Babban Banki ya janye takunkumin da ya hana masu shigo da shinkafar waje samun dala tun 2015.