Mulki, Banki da Gidan Waya a Garin Jos Zamanin Kuza

1.0 Gabatarwa

Jos ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina, ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada. Kuza ce ta haife ta. Wannan maƙala za ta dubi yadda Turawa suka shimfiɗa mulki a garin, da yadda banki da gidan waya suka biyo baya, tare da kalmomin da waɗannan hukumomi suka bar wa Hausa.

2.0 Tsarin Mulki

Tun daga wajen 1903 ma'aikatan kamfanin Neja, ƙarƙashin Kanar Laws, suka hau tsaunin neman kuza. A Naraguta aka fara kafa mazaunin hukuma, a ƙarƙashin Lardin Bauchi, kafin harkoki su koma Jos wajen 1915. A 1926 aka yanki Lardin Filato, Jos ta zama mazaunin Razdan.

Abin lura shi ne, gari ɗaya ne a ido, amma biyu ne a doka. Akwai bariki, inda Turawa da kantunansu da akawuna 'yan Kudu suke, wanda Joji yake riƙe da shi bisa dokar Ingilishi. Akwai kuma cikin gari, inda Hausawa 'yan kasuwa da leburori suka taru, aka naɗa musu sarki da alkali, aka bi da su ta tsarin En'e. Su kuwa Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda a gonakinsu ake haƙar kuzar, suna ƙauyukansu na kewaye. Turawa sun yi ta laluben yadda za su mulke su, domin ba su tarar da sarki guda mai faɗa a ji irin na masarautu ba. Sai a 1947 aka naɗa Rwang Pam Sarkin Birom. Da Sarkin Jos Isiyaku ya rasu a 1948, ba a sake naɗa wani Bahaushe da wannan laƙabi ba, aka mayar da sarautar Magajin Gari, daga bisani garin ya shiga hannun Rwang Pam. A ganinmu, Turawa ba su warware batun mai gari ba, jinkirta shi kawai suka yi. Ya sake tasowa bayan raba ƙaramar hukumar Jos zuwa ta Arewa da ta Kudu a 1991, aka zubar da jini a kansa a 1994 da 2001 da 2008.

3.0 Banki da Kuɗi

Kamfanin kuza ba ya biyan lebura da wuri. Tsabar kuɗi yake bukata kowane mako. Wannan bukata ce ta jawo bankunan Turawa biyu zuwa Jos: Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank a 1979, da Barclays, wanda ya zama Union Bank a wannan shekara. Aikinsu shi ne ajiye kuɗin kamfanoni da na gwamnati, da tanadar sulallan biyan albashi. Lebura bai san ƙofar banki ba. Sulen da ya karɓa daga hannun heluma yakan ƙare a wajen mai tuwo, ko adashi, ko mai karɓar haraji, wanda zai kai shi baitulmalin En'e, daga nan ya koma bankin da ya fito. Haraji kuwa shi ne babban abin da ya kori talaka daga gona zuwa ramin kuza, kafin ɗiban gwamna na 1942 zuwa 1944 ya kawo dubban mutane da ƙarfin tsiya.

4.0 Gidan Waya

Wasiƙa bayan jirgi take bi. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi daga Fatakwal ta Kafanchan ya iso a 1927. A nan ne talaka ya fi samun rabonsa, domin baƙon da ya baro iyali a Sakkwato ko Barno yana iya biyan malamin wasiƙa ya rubuta masa, ya sayi fas'oda ya aika da kuɗin cefane.

Sunan ma abin nazari ne ga masu ilmin harshe. Bahaushe bai ce gidan wasiƙa ba, sai ya ce gidan waya, saboda wayar tangaraho ce ta fi ba shi mamaki. Tambarin da ake liƙa wa ambulan ya kira shi kan sarki, don hoton Sarkin Ingila da ke jikinsa, kuma sunan bai canza ba ko da sarauniya ta hau a 1952, balle bayan samun mulkin kai a 1960. Haka sule da sisi da taro suka ci gaba da yawo a bakin 'yan kasuwar Jos shekaru bayan naira ta maye gurbin fam a 1973.