Gwanjo a Bakin Wuri: Hausawan New Bell da Kayan da Aka Bari

A 1914 Jamusawa suka keɓe unguwar New Bell domin mayar da 'yan ƙabilar Duwala da suka ƙwace wa filaye a gaɓar kogin Wuri. Duwalawa suka ƙi, har aka rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta. Sai baƙi suka cika wurin, cikinsu har da Hausawa fatake masu cinikin goro da tufafi.

Arzikin birnin yana tashar jiragen ruwa, wadda Cadi da Afirka ta Tsakiya ma suke dogara da ita. Idan kaya suka daɗe ba a fanshe su ba, hukumar kwastan takan yi gwanjonsu, daga nan su watsu cikin kasuwanni. Kalmar gwanjo, wadda aka aro daga Yarbanci, tana nufin sayarwa ga wanda ya fi tayi, daga baya ta zama sunan tsofaffin tufafi.

Mai saye na iya tarar da riba ko ruɓaɓɓen kaya. Mai kayan na asali kuwa, sau da yawa kuɗin fito ne ya gagare shi. Faɗuwar wani, tashin wani.